Yadda Hitar Mota Ta Raba Gandunmu

Ku 'ya'yana, na gaji da jin maganar nan tana yawo a bakin dangi, shi ya sa na ce bari in rubuta ta tun ina da sauran ido. Ko a bikin da aka yi a Bunkure kwanan baya sai da na ji wata gwaggonku tana faɗa ƙasa-ƙasa, wai mahaifiyarku Hajara ce ta zuga ni na raba gandu da yayana, Baffanku Mamman. Wallahi ƙarya ake mata. Baiwar Allah ba ta taɓa ce mini in fita daga gandu ba, ko da wasa. Mota ce ta raba mu, kuma ba ma motar duka ba, wani ɗan ƙarfe ne a bayan dashbod wanda bai fi faɗin allon yaro ba. Na san za ku yi dariya. Ku yi abinku, amma ku karanta har ƙarshe.

Bayan rasuwar Baba ba mu raba komai ba. Gonakin suna nan a haɗe, da ta bakin babban kanal na ban ruwa, da ta can ƙarshen layi inda ruwa ke isa a makare. Da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa. Rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, Inna tana ɗakinta na tsakar gida tana ganin shigar kowa da fitarsa. Yaya ne mai gida. Shi ke cewa a shuka kaza, a sayar wa wane, ni kuma in ce to. Ba zan ci haƙƙinsa ba, balle yanzu da yake kwance a kabari: ban taɓa ganin manomi kamarsa ba, kuma bai taɓa fifita 'ya'yansa a kanku ba wajen ci da sutura. Amma taurin kai! In Yaya ya ce yau Talata ce, ko ka nuna masa liman a kan mumbari yana huɗuba, cewa zai yi liman ne ya manta.

Shekarar da shinkafa ta yi mana kyau muka sayi mota, doguwa mai faɗin baya, 'yar Kwatano, wadda tun a can ƙasarsu ta gama tsufa. Shuɗiya ce, sunan kuma ya bi ta. Da ita muke kai taki gona, da ita muke fitar da kwandunan tumatir zuwa Kwanar Gafan inda manyan motocin Kudu ke lodi. Ranar da ta iso Kura, tun kafin Inna ta sa mata albarka, Yaya ya wuce da ita garejin Ado bakanike aka cire mata tamosta, wato ɗan murfin nan da ke tsare ruwa har sai inji ya yi ɗumi kafin ya bar shi ya zagaya. Kowa a wajenmu haka yake yi wa mota, wai abin na ƙasar sanyi ne. To shi ya sa in gari ya yi sanyi injin ba ya ɗaukar zafi sosai, hitar cikin motar kuma sai ɗan ɗumi-ɗumi take bayarwa, kamar shayin da aka manta da shi. Duk da haka da shi muke maneji.

Ke Zulai, a nan kika shigo cikin labarin. Kina 'yar ƙarama lokacin, ba lallai ki tuna ba. Tun kina goye aka gane kina da sikila, kuma duk wata sai mun kai ki asibiti cikin birnin Kano a duba ki a ba ki magani. Wanda bai isa da sassafe ba, ba ya samun kati, don haka ana sallame sallar asuba muke fita. Wanda ya girma a birni bai san sanyin wajenmu ba. Gonaki duk a jiƙe da ruwan ban ruwa, kanal yana tururi, sanyin yana tasowa daga ƙasa ya shige ƙashi. Ga mai lafiya abin ɗan karkarwa ne. Gare ki kuwa sanyi shi ne ke buɗe wa ciwon ƙofa. Da zarar ya kama ki sai gaɓoɓinki su ɗauka, ki yi ta ihu har muryarki ta dishe. Saboda haka ni a wurina hitar nan ba ado ba ce, ita ce ke sa mu isa Kano da ke kina barci.

A shekarar da nake ba ku labari, da sanyi ya fara shigowa, sai Shuɗiya ta fara shan ruwa. Ka cika lagireto da safe, kafin azahar ya ragu, allurar zafi tana ɗagawa. Na duƙa na leƙa ƙarƙashinta, ƙasa a bushe. Na shimfiɗa kwali ta kwana a kai, da safe kwali fes, sai ɗigon baƙin mai da muka saba da shi. Na zaro sandar awon mai in gani ko ruwa ya shiga cikin inji, mai baƙi ƙirin, bai yi kalar koko ba. Na tsaya bayan salansa ina shinshina kamar mahaukaci, babu farin hayaƙi in ta yi ɗumi. Na canja murfin lagireto, na bi duk tiyon da hannuna ke kaiwa na ƙara ɗaure su. A banza. Ruwa dai yana tafiya, kuma ban san ina yake zuwa ba. Yaya kuwa ko a jikinsa. Ya ajiye jarka a baya, duk inda ta nema sai ya tsaya bakin kanal ya ɗebo jan ruwan nan mai laka ya ɗura mata. Na ce masa aƙalla a riƙa sa na burtsatse, in ba za a sayi mai kala na galan da ake sayarwa don lagireto ba.

"Ruwan da ya ciyar da ubanka shi ne zai kashe mota?" in ji shi. "Habu, ka cika neman magana."

Daga nan aka shiga magani. Wani a majalisarsu ya ce garin kuka yana toshe yoyo, Yaya ya aiko a karɓo wajen Inna ya zuba. Bai yi ba. Wani ya ce ɗanyen ƙwai, in ya dahu a ciki zai je ya liƙe ramin. Aka fasa mata ƙwai. Wani direban tifa ya ce su taba gari suke sawa, aka sayo aka ɗura. Na ce Yaya saura gishiri da daddawa mu kira yara su kawo tuwo. Bai yi dariya ba. Ruwa bai daina tafiya ba, sai ma ɗan ɗumin hitar ya ƙara ja baya, iskar tana fitowa da ƙyar da wani wari kamar na tsohuwar randa.

Mahaifiyarku ce ta gano inda ruwan ke zuwa, ba ni ba, ba bakanike ba. Muna dawowa daga unguwa tana zaune a gaba, sai ta ɗaga ƙafa.

"Malam, wai me ke jiƙa mini bakin zane duk ranar da na shiga motar nan? Kuma ruwan da ɗumi."

Na taka burki na tsaya. Na ɗaga tabarmar robar da ke ƙarƙashin ƙafarta, sai ga soson da ke ƙasa ya jiƙe sharkaf da jan ruwa mai tsatsa. Sai a sannan na tuna gilashin gaba da ke yin hazo ta ciki kullum da safe, ina ta goge shi da hula ina zagin sanyi. Ashe ni ina neman ruwa a waje, shi kuma a ciki yake tsiyaya. Washegari Ado ya yi mini bayani. Ya ce hita ba wuta ba ce, ruwan zafi ne ke fitowa daga inji ta wani tiyo, ya shiga wani ƙaramin lagireto a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa, sannan ruwan ya koma ta wani tiyon. Wannan ƙaramin ne ya huje. Canja shi kuwa sai an kwance dashbod gaba ɗaya, kuma sai an je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano an nemo irinsa. Na dawo gida da murna na faɗa wa Yaya an gano ciwon. Ya ce to, zai duba.

Ya duba kuwa. Ina can gonar ƙarshen layi ina jiran ruwa, ya kai ta wajen Ado ya ce a yi mai sauƙi. Suka zare tiyon nan biyu daga jikin ƙaramin lagireton, suka haɗa bakinsu da guntun bututu, ruwa ya riƙa fita daga inji yana komawa inji. Yoyo ya tsaya cak. Da yamma na tarar da shi a ƙofar gida yana shafa bonet, fuska fal da annuri.

"Ka gani? Ko shayi ban gama sha ba aka gama. In ruwa ya yi ƙaranci ai gonar da ke yoyo ake toshewa, a bar wa sauran."

"Yaya, gonar da ka toshe ɗin ita ce hita. Zulai fa?"

"Hita a Kano? Mu da muke neman iska? A ƙara mata bargo."

Aka ƙara mata bargo. Ranar asibiti ta zo a tsakiyar sanyi, irin wanda ruwan alwala ke yanka hannu. Ke Zulai, muka naɗe ki da barguna har ba a ganin komai sai idonki, Hajara ta cika gora da ruwan zafi ta sa miki a ciki. Amma tsohuwar mota ai kwando ce. Iska tana shigowa ta ƙasan ƙofa, tana shigowa ta ramukan da tiyon suka bari, ramin hitar ma da na rufe bai rufu ba, sanyin titi yake hurowa kai tsaye. Kafin mu kai Kumbotso ruwan gorar ya huce. Kika fara da ɗan kuka, sannan kika ce, "Baba, ƙafata." Na san wannan muryar. Kafin mu shiga birni kina ihu kina cewa ana sara miki ƙashi, uwarki tana matsa miki ƙafafu tana salati, ni kuma ina tuƙi ina murɗa maɓallin hitar nan hagu da dama, alhali na san babu komai a bayansa. Mun je karɓar magani ne kawai, sai ga shi an ba mu gado. Kika yi kwanaki ana ƙara miki ruwa ana miki allura. Ma'aikaciyar jinya ta dube ni ta ce ba an gaya muku ku kiyaye ta da sanyi ba? In ce mata me, garin kuka?

Abin da mahaifiyarku ta faɗa a kan maganar gyaran hitar nan duka, daga farko har ƙarshe, shi ne wanda ta faɗa mini a barandar asibitin, kuma ga shi nan yadda ta faɗe shi:

"Malam, ni dai ba zan iya sake jin kukan nan a cikin mota ba."

Shi ke nan. In wannan ne zuga, to ta zuga ni.

Yaya ya zo dubiya da lemo da madara, kuma na ga idonsa ya yi ja da ya gan ki, don yana son ki. Na ce yauwa, yanzu zai fahimta. Da muka koma gida na same shi a zaure na ce a gyara hitar kafin ranar asibiti ta gaba.

"Bayan tumatir," in ji shi.

"Bayan tumatir ai zafi ya shigo, Yaya. Me za a yi da hita a lokacin?"

"To ka gani ma, ba sai an gyara ba."

Na ce ya dubi Allah. Ya sunkuyar da kai yana tunani, har na sa rai, sai ya ɗago ya ce ya samo dabara: a sa kasko da garwashi a ƙasan kujerar baya. Kasko! A cikin mota mai fetur, da gilashi a rufe, da yarinyar da numfashinta ma lallaɓa shi ake yi! Na dube shi in ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba, har yana kwatanta mini inda za a sa bulo don kada kaskon ya kife a kwana. Na tashi na fita don kada in faɗi abin da Inna za ta ji.

Na bar maganar ta kwana biyu, na sake tayar da ita, ya ce in daina damunsa. To ranar asibiti tana matsowa, sanyi bai da niyyar tafiya. Wata safiya da ya tafi gona a kan babur, na shiga zaure na cire mukullin daga ƙusar da yake rataye shi, na tuƙa Shuɗiya zuwa garejin Ado na ce ya kwance dashbod.

"Yaya Mamman ya sani?" in ji Ado.

"Ni na sani."

"Habu, kada ka haɗa ni da mutumin nan."

"Ɗauko sifana, ni zan fara kwancewa, sai ka ce tarar da ita ka yi a buɗe."

Ya ce zuwa gobe da yamma an gama. Ku riƙe wannan: in bakanike ya ce muku gobe, ku tambaye shi goben wace shekara. Kusoshin sun yi tsatsa, wasu sai da aka sare su. Robobin dashbod sun bushe, kana taɓawa suna karyewa. Da muka zaro ƙaramin lagireton Ado ya sa masa ruwa ta baki ɗaya, abin da ya fito ta ɗaya bakin ba ya faɗuwa: laka, tsatsa, yauƙin kuka, da wasu fararen gutsattsari da na tabbata ƙwan nan ne. Ashe ko bai huje ba, a toshe yake. Na sa shi a buhu na hau motar haya zuwa Ƙofar Ruwa, na yi ta zagaye rumfuna har na samo na hannu mai kyau, na haɗo da tamosta da ruwan galan. Na dawo Kura da la'asar, Ado ya gwada, sai ga bakin bututunsa yana kallon wani gefe daban. Ba irinsa ba ne. Washegari na sake komawa. Ina dawowa na tarar da Yaya tsaye a garejin. Motar tana nan hanjinta a waje, sitiyari yana reto, wayoyi ko'ina, kujerun gaba a ƙasa kaji suna hawa. Ya dubi motar, ya dube ni. Da ya zage ni da na ji daɗi. Sai kawai ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Muka wanke babban lagireto har ruwa ya fito fari, muka mayar da tamosta, muka ɗaura sabon, muka mayar da tiyon kowanne a mazauninsa, muka harhaɗa dashbod da abin da ya rage na robobinsa. Aka tayar da ita, aka bar ta ta yi zafi. Na kunna hita na kara hannu. Sanyi! Iska mai sanyi kamar ba a yi komai ba. Wallahi na zauna a kan tsohuwar taya na dafe kai, saura kaɗan in yi kuka a gaban mutane. Ado ya zura hannu ya taɓa tiyon biyu, ɗaya da zafi, ɗaya ba komai. Ya ce ta sha iska ne. Nan take na gane, don duk wanda ya taɓa jan ruwa daga kanal zuwa gona da tiyo ya san in iska ta maƙale a ciki, ko ka kwana kana jira ruwa ba zai hau ba. Muka bari ta huce, muka hau da ita kan gangaren bakin kanal hancinta yana sama, muka buɗe murfin lagireto muka tayar. Ado yana ƙara ruwa, ni ina matsa tiyon da hannu, kumfa tana fitowa ɓul-ɓul. Can sai ɗaya tiyon ya ɗauki zafi. Na shiga na rufe ƙofa na kunna. Kai! Wani zafi ya bugo mini fuska irin wanda motar nan ba ta taɓa bayarwa ba tun da muka saye ta. Na zauna a ciki ina gumi ina dariya ni kaɗai.

Dariyar ba ta kai ni gida ba. Abin da Ado ya ce gobe ya ci kusan mako, kuma a makon ne tumatirin gonar bakin kanal ya nuna gaba ɗaya. An riga an yi magana da mata masu tsinka, sun zo sun tsinke, kwanduna jere a bakin gona. Kowa a yankin tumatirinsa ya nuna a lokaci ɗaya, duk wata a-kori-kura da keke an kama su tun da wuri. Yaya ya yi ta jigila a babur, kwando bibbiyu, tun safe har duhu, da shekarunsa. Abin da ya samu fitarwa ya fitar. Sauran ya yi laushi a rana, motocin Kudu ba sa ɗaukar irinsa, aka yayyanka aka shanya a bakin hanya ya zama kauɗa, wani kuma ya ruɓe a cikin kwandon. Na gani da idona, kuma ya yi mini ciwo, don gumina ne ni ma. Amma in kuna jira in ce na yi nadama, za ku daɗe kuna jira. An sa mini tumatir a hannu ɗaya, Zulai a ɗaya hannun.

A ɗakin Inna aka yi ta. Yaya yana zaune a bakin gado, ni a ƙasa.

"Ka ɗauki motar gida ba da izinina ba," in ji shi, "ka sa noman rani ya ruɓe a rana, saboda mace ta yi maka kuka."

"Kada ka sa Hajara a ciki. Zulai ba 'yarka ba ce?"

"'Yata ce. Amma ciwo na Allah ne."

"Sanyi ma na Allah ne, Yaya, amma ga ka nan da rigar sanyi biyu."

"Muddin ni ne babba a gidan nan, ba mai taɓa abin gandu sai na ce."

"To a raba."

Ban shirya faɗin haka ba, fitowa ta yi. Amma da ta fito sai na ji daidai take. Ba zan iya ci gaba da zama inda sai na nemi izini kafin in hana 'yata ihu ba. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Habu, ka san abin da bakinka ke faɗa?" Na ce na sani, Inna, ki yafe mini. Ta juya fuska bango tana share ido da gefen mayafi, kuma wannan har yau yana damuna.

Aka kira Kawu Isa, ƙanin Baba, da mai unguwa da liman. Aka fitar wa Inna da gwaggonninku haƙƙinsu, namu aka kasa shi biyu daidai gwargwado. Kashi ɗaya gonar bakin kanal da mota, ɗaya kashin gonar ƙarshen layi, wadda ta fi faɗi, da injin ban ruwa da babur. Kuma a gidanmu babba ne ke fara ɗauka. Sai da Kawu ya faɗi haka na farga, don wallahi ban yi wannan lissafin ba. Na dubi Yaya, shi kuwa ko kallona bai yi ba.

"Na ɗauki bakin kanal," in ji shi. "Da Shuɗiya."

Kun ji fa. Na yi faɗa da ɗan'uwana, na sa uwata kuka, na yi asarar tumatir, duk don in gyara hita, an wayi gari hitar tana aiki kamar sabuwa a motar da ba tawa ba. Aka ja zana a tsakar gida, daga baya ta zama katangar bulo, aka fasa mini ƙofa ta baya. Gonar ƙarshen layi kuwa kun san ta, a cikinta kuka girma kuna jiran ruwan da sai na sama sun ƙoshi yake isowa. Shekarun da kuka ga mun sha wuya, daga nan suka faro.

Ba a daɗe da rabon ba ranar asibiti ta zo, sanyi yana nan daram. Ni da Yaya ko gaisuwa ba ma yi, a masallaci ma kowa da gefen sahunsa, kuma na rantse ba zan roƙe shi mukulli ba. Na shirya mu tafi a babur har bakin titi mu nemi motar haya, in sa ki, ke Zulai, a tsakiya tsakanina da uwarki. Na san abin da zai biyo baya, ita ma ta sani, ga ta tana ta naɗe ki da bargo. Na fito da babur bayan sallar asuba ina ƙoƙarin tayar da shi, sai na ji hon a sabuwar ƙofata. Shuɗiya ce, gilasai a rufe ruf, injin ya riga ya yi zafi, alamar ta daɗe a kunne. Yaya ne a sitiyari, ya cire hula, gumi yana bin wuyansa. Ya sauke gilashi kaɗan, ɗumin ya bugo ni.

"Miƙo ta. Hajara, shiga baya ki rufe ƙofa da sauri, kada zafin ya fita."

Suka shiga. Ni kuma na zagaya na kama ƙofar gaba, zuciyata ta yi sanyi, har ina shirya abin da zan ce masa. Sai ya miƙa hannu ya danna makullin ƙofar.

"Kai ba ka da sikila," in ji shi. "Ga babur ɗinka nan, ka biyo mu."

Haka na bi su har Kano, hawaye na zuba saboda iska, yatsuna sun ƙage a kan hannun babur. Ta gilashin baya ina hango ki kin ture bargon kin miƙe tsaye a kan kujera kina ɗaga mini hannu. Daga ranar, duk wata, sanyi ko zafi, ko da tumatir na nuna a gona, Yaya bai taɓa fashin kai ki asibiti ba har kika girma. Mun dawo muna gaisawa, mun yi bukukuwa tare, ni na riƙe kansa ranar da zai cika. Amma bai taɓa cewa ni ke da gaskiya ba, kuma har Shuɗiya ta mutu aka sayar da ita ga 'yan gwangwan, bai sake bari na zauna a cikinta ba.